In metil zaune kawai yake, me ya sa ake damuwa da inda ya zauna?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, ina karanta haɗa magunguna. Tun farkon zangon nan ake ta ɗora mana haddar sunaye: 2-metil kaza, 3-metil kaza, 2,2-daimetil, oto, meta, para. Kuma malamin da bakinsa ya ce mana metil ba ya cika shiga wani aiki, zaune kawai yake a jikin sinadari. To in zaune yake, mene ne na damuwa da inda ya zauna? Abin nan yana da amfani bayan an fita daga ɗakin jarrabawa kuwa, ko dai wahalar da ɗalibi ce kawai?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. In na fahimce ki, tambayar ita ce: yaya abin da ba ya motsi zai canza halin sinadari don kawai an matsar da shi daga wannan kabon zuwa na kusa da shi? Malaminku bai faɗi ba daidai ba. Metil ba mai rigima ba ne, kuma a yawancin gwaje-gwajen da za ku yi, yadda ya shiga haka zai fito. Amma ki ɗauki mutumin da ya shimfiɗa tabarma a zaure. Bai yi wa kowa magana ba, bai taɓa kowa ba. In a lungu ya shimfiɗa ta, za a wuni ana shige da fice ba a san da shi ba. In kuwa a bakin ƙofa ne, mai tallar fura ma sai ta karkata ƙwaryarta kafin ta wuce. Mutum ɗaya ne, tabarma ɗaya ce, mazauni ne ya bambanta. Yawancin aikin metil irin wannan ne: yana cin wuri, cin wurin yana canza siffar molikul, wato ƙwaya ɗaya ta sinadarin, siffar kuma ita ce take yanke yadda molikul zai jeru da 'yan uwansa, da wanda zai iya kusantarsa, da ramin da zai iya shiga a jikin mutum.

Shi metil, kabon ɗaya ne riƙe da haidirojin uku, CH3, hannunsa na huɗu kuma ya kama jikin molikul. Sunan ya samo asali ne daga aikin wasu Faransawa biyu, Dumas da Peligot, waɗanda a 1834 suka bincika ruwan da ake tatsa daga itacen da aka gasa, wanda yau muke kira metanol, suka haɗa kalmomin Girkanci biyu na giya da itace. Abin da zanen allo yake ɓoye wa ɗalibi shi ne, hannayen kabon huɗun nan ba a shimfiɗe suke kamar alamar tarawa ba. Kowanne ya miƙa ta fuskarsa, da tazarar kusan digiri 109.5 tsakaninsu, kamar ƙafafun kujerar tsuguno uku da sanda a tsaye a samanta. Saboda haka metil dunƙule ne mai kauri, ba haruffa uku a kan takarda ba. Ban da cin wuri, ba ya shiri da ruwa, ɗabi'ar mai gare shi, kuma yana ɗan tura lantarki zuwa ga kabon ɗin da yake jingine da shi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga waɗannan yake fitowa.

Daga tukunyar gas zuwa tankin mota

Mu fara da mafi sauƙi. Butan, wanda yake cikin gas ɗin girki, kabon huɗu ne a jere, yana tafasa a kusan rabin digiri ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyus. Ki cire metil na ƙarshe ki maƙala shi a kabon na tsakiya, kin sami aisobutan. Kabon huɗu ne, haidirojin goma ne, nauyi ɗaya, amma shi yana tafasa a kusan digiri 12 ƙasa da sifili. Shi ne gas ɗin da ake sa wa firji na zamani, wanda masu gyara suke kira R600a. Irin waɗannan da kayan haɗinsu ɗaya jerinsu daban su ne aisoma, kuma kama da wane ba ta wane.

Na kabon biyar sun fi nuna abin. Pentan miƙaƙƙe yana tafasa a digiri 36. Mai reshe ɗaya, 28. Wanda metil huɗu suka kewaye kabon ɗaya, wato niyopentan, digiri 9.5 kacal, a ɗakinki gas ne. Dalilin shi ne, dogayen molikul suna kwanciya jikin juna kamar karan dawa a dami, gefe ya taɓa gefe tun daga kai har gindi, don haka raba su yana buƙatar zafi. Masu rassa kuwa sun dunƙule kamar goruba a kwando, taɓawarsu 'yar kaɗan ce, da an ɗan ɗumama sai su watse.

A nan ɗalibai suke haddace "reshe yana rage zafin tafasa" su tafi, sai narkewa ta ba su kunya. Pentan ba ya daskarewa sai an kai digiri 130 ƙasa da sifili. Mai reshe ɗaya sai 160 ƙasa da sifili. Niyopentan kuwa tun a wajen 17 ƙasa da sifili ya zama ƙanƙara. Daskarewa jeruwa ce cikin tsari, kuma abin da yake dunƙule daidai ta kowace fuska ya fi saurin samun gurbinsa, kamar ƙwai a kiret. Mai reshe ɗaya a gefe kuwa kamar ƙotar fartanya yake, ko ta ina aka ajiye shi sai ya tokare wani.

Na taɓa ganin wannan ya kusa sa a zubar da kaya. Wata safiya ta hunturu na shiga ɗakin gwaji na tarar da wani sabon ma'aikaci ya ware wata kwalba gefe, wai sinadarin ciki ya lalace, jiya ruwa ne yau ya zama farin dutse. Da na duba takardar jiki sai na ga tat-butanol ne, alkohol mai metil uku a kan kabon ɗaya. Yana narkewa a wajen digiri 25, daren kuma ya yi sanyi. Na ce ya sa kwalbar cikin roba mai ruwan ɗumi, kafin mu gama shan shayi ta koma ruwa garau. A kan kantar, kusa da ita, ga ɗan uwansa butanol miƙaƙƙe, kayan haɗinsu ɗaya sak, shi sai an kai kusan 89 ƙasa da sifili kafin ya daskare. Tun daga ranar, duk shekara in sanyi ya shigo nakan kai kwalaben biyu aji.

Fetur shi ne inda wannan magana ta zama kuɗi. A injin fetur ana matse tururin mai da iska, ana so su yi haƙuri har sai fulogi ya ba da wuta. Man da ba shi da haƙuri yakan kama da kansa a wani gefen silinda, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfin mota ya ragu, in abin ya daɗe fistin ya ji jiki. Sarƙa miƙaƙƙiya, mai dogon jerin CH2, ita ce mara haƙurin. Haidirojin da yake kan metil ya fi wuyar fizgewa, kuma rassan suna katse dogon jerin da wutar take bi. A 1926 wani Ba'amurke, Graham Edgar, ya haɗa 2,2,4-tiraimetilpentan ya ga yana jure matsi ƙwarai, daga nan aka gina ma'aunin okten, mai auna haƙurin fetur: shi aka ba 100, heptan miƙaƙƙe aka ba sifili. Ki ƙirga, metil biyar ne a jikin wancan, uku na rassa biyu na bakin sarƙa. Oktan miƙaƙƙe, mai kabon takwas kamarsa, ƙasa da sifili ma yake a ma'aunin. Shi ya sa matatun mai suke da sassa na musamman waɗanda aikinsu kawai karɓar miƙaƙƙun sarƙoƙi su mayar da su masu rassa. Injin dizal kuwa akasin haka yake so, domin ba shi da fulogi, matsi ne yake kunna man, don haka a wurinsa miƙaƙƙiyar sarƙa ita ce mai daraja.

Reshe ba kullum alheri ba ne. Garin sabulun wanki na shekarun 1950 an yi shi da sarƙa mai rassan metil da yawa. Ƙwayoyin halittar da suke ruɓar da datti a ruwa suna cin sarƙa ne kabon biyu-biyu, in sun iske metil a hanya sai su cije. Sai kumfa ta riƙa taruwa a kogunan Turai da Amurka, har a tsakiyar shekarun 1960 aka koma miƙaƙƙiyar sarƙa. Sashen sinadarai na matatar Kaduna an gina shi ne, cikin wasu abubuwa, don ya samar da irin wannan miƙaƙƙen na masu yin sabulu.

Oto, meta, para, da buhun shinkafa

Zoben benzin kabon shida ne a da'ira, kamar kujeru shida. In za ki zaunar da metil biyu, hanya uku ce kawai: kafaɗa da kafaɗa, oto, kujera ɗaya a tsakani, meta, fuska da fuska, para. Ukun ana kiransu zailin. Wajen tafasa kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, 144 da 139 da 138, don haka raba meta da para ta hanyar turarawa wahala ce babba. Wajen daskarewa kuwa para yana zama ƙanƙara a digiri 13 sama da sifili, oto sai 25 ƙasa, meta sai 48 ƙasa. Dalilin niyopentan ne ya dawo. Masana'antu sun daɗe suna cin moriyar wannan, su sanyaya cakuɗen, para ya daskare su tace shi.

Me ya sa ake wannan wahala a kan para? In aka mayar da metil ɗinsa biyu suka zama asid, kowanne yana fuskantar wani ɓangare, ɗaya gabas ɗaya yamma. In aka riƙa ɗinke su da juna ta hanyar wani alkohol mai hannu biyu sai a sami zare miƙaƙƙe mai ƙarfi. Shi ne gorar ruwan roba mai lamba 1 a gindinta, shi ne kuma yadin poliyesta. Ki gwada da oto, hannayen biyu suna gefe ɗaya, zaren ba zai miƙe ba, shi ya sa shi ake kai shi wajen yin fenti da sinadarin tausasa roba.

Misalin da na fi so shi ne polipropilin, domin a nan tambayarki ce tsirararta. Sarƙa ce ta dubban kabon, kowane kabon na biyu yana ɗauke da metil. Babu abin da ya bambanta wannan sarƙa da waccan sai fuskar da metil ɗin suka kalla. In sun fito barkatai, wannan dama wancan hagu, abin da za a samu wani abu ne mai danƙo, sarƙoƙin sun kasa jeruwa, sai dai a zuba shi cikin gam ko kwaltar rufin ɗaki. In duk suka kalli gefe guda, sarƙar sai ta murɗe kamar igiya, metil uku a kowane zagaye, igiyoyin su kwanta jikin juna tsaf, a sami roba mai tauri wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 165. Giulio Natta ne ya fara samun wannan a Milan ta Italiya a 1954, da irin sinadarin da Bajamushe Karl Ziegler ya gano, suka raba kyautar Nobel a 1963. Buhun shinkafa da na taki, da tabarmar roba, da kujerar roba ta gidan biki, da duk mazubin da kika ga lamba 5 a ƙasansa, metil ne da aka tsayar sahu ɗaya. Roba ta itace ma haka: danƙon da ake yin taya da shi da gata-paca mai tauri da likitan haƙori yake cike ramin haƙori da ita, sinadari ɗaya ne, bambancin yadda sarƙar ta bi ta gefen metil ne a kowane haɗi mai ninki biyu.

Mai tare hanya

Yanzu mu dawo ga mai tabarma a bakin ƙofa. Akwai nau'in musaya tsakanin sinadarai da mai shigowa yake zuwa wa kabon ta baya, ya tura wanda yake gaba ya fita. In kabon ɗin haidirojin uku kawai yake riƙe da su, hanya a buɗe take. Ki sa metil ɗaya, tafiya ta ragu. Ki sa biyu, ta ƙara raguwa sosai. Ki sa uku, ƙofa ta rufe. Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne niyopentil bromaid: kabon ɗin da ake nema ba shi da metil ko ɗaya a kansa, maƙwabcinsa ne mai uku, amma inuwarsu ta rufe hanyar har ya fi etil bromaid jinkiri kimanin sau 100,000.

Sai dai metil ukun da suka rufe wannan ƙofa su ne suke buɗe wata. In mai fita ya fara tafiya da kansa ya bar kabon da gibin lantarki, metil ɗin suna tallafa masa da ɗan abin da suke turawa, uku kuma sun fi ɗaya. Gwajin Lukas da za ku yi kenan. Ki jera kwalaben gwaji uku da butanol iri uku, ki ɗiga musu ruwan gwajin. Mai metil uku nan take zai yi fari kamar an zuba madara. Na tsakiya sai kin jira kamar minti biyar. Miƙaƙƙen zai zauna garau har a tashi daga aji, sai in an ɗumama shi.

Zoben saikuloheksan kuma, mai kabon shida kowanne riƙe da haidirojin biyu, ina roƙonki kada ki koye shi daga littafi kaɗai. Ni nakan sa ɗalibai su kwaɓa yumɓu su yi ƙwallaye, su zo da tsinken tsire, kowa ya gina nasa. Da kin gina za ki ga zoben ba ya kwanciya, lanƙwashewa yake kamar kujerar malam-na-kwance, kuma kowane kabon yana da hannu ɗaya a tsaye, sama ko ƙasa, da ɗaya da ya miƙa waje. Ki ɗora metil a na tsaye, za ki ga da idonki yana gogar haidirojin biyu da suke tsaye a wannan fuskar. Ki juya kujerar, ya koma waje ya sarara. Shi ya sa a zafin ɗaki, cikin kowane molikul 100 na metilsaikuloheksan, kusan 95 metil ɗinsu a waje yake. Odd Hassel na Norwe da Derek Barton na Ingila sun sami Nobel a 1969 kan wannan fahimta. Kuma za ta biyo ki har aji huɗu: kolestarol da homon irin su testostaron suna da metil biyu da aka kafe a tsaye, ba su da damar juyawa, sun yi wa fuskar sama rumfa, don haka yawancin abin da zai taɓa molikul ɗin ta ƙasa yake zuwa.

A jikin mutum

Tunda magunguna kike karanta, a nan ya kamata ki fi buɗe ido. Enzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai a jiki, da sauran maƙallan da magani yake kamawa ramuka ne masu siffa, kamar kwaɗo da mabuɗi. Ƙarin haƙori ɗaya a mabuɗi yana iya sa ya buɗe, yana iya hana shi shiga.

Ki ɗauki goron da kakarki take ci. Abin da yake kore mata barci kafeyin ne, mai metil uku a kan naitirojin na 1 da na 3 da na 7. Ki cire na 1, kin sami tiyobromin, wanda ya fi yawa a koko, akwai kaɗan a goron ma, kuma bai kai kafeyin wartsakar da ƙwaƙwalwa ba. Ki mayar da shi ki cire na 7, kin sami tiyofilin, maganin asma, wanda tazarar da ke tsakanin adadin da yake warkarwa da wanda yake cutarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Tiyobromin da tiyofilin nauyinsu ɗaya, metil biyu-biyu gare su, ɗaya ana ba yara a cakulan, ɗaya ana auna shi da taka-tsantsan a asibiti. Hanta kuma in ta karɓi kafeyin, mafi yawansa na 3 take cirewa, ta fitar da na ukunsu mai suna parazantin.

Kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari da shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, mofin ne da aka toshe masa oksijin ɗaya da metil. Wannan toshewar ta sa da ƙyar yake kama maƙallin da mofin yake kamawa. Sai ya isa hanta, wani enzayim mai suna CYP2D6 ya cire metil ɗin daga wani ɗan kaso nasa, kamar ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka, ya koma mofin, sannan ya yi aiki. To mutane ba ɗaya suke ba a wannan enzayim. Wani ba shi da mai aiki sam, ya sha kodin ciwonsa yana nan. Wani kuwa ya gaji ninkinsa, hantarsa tana cire metil da gaggawa, adadin da bai dami wani ba shi ya danne masa numfashi. A Habasha an samu kusan mutum uku cikin goma irin na biyun ne. Wannan yana cikin dalilan da suka sa hukumomi da dama suka hana ba ƙananan yara kodin. Tiramadol ma wannan enzayim ne yake cire masa metil ya ƙara masa ƙarfi. Ni malamin sinadarai ne ba likita ba, don haka batun wa za a ba da nawa za a ba shi, malamanku na asibiti ne masu faɗa.

Wani lokaci kuma metil marfi ne da jiki yake kamawa ya fitar da abu. Benzin ba shi da shi, hanta sai ta afka wa zoben kansa, abin da yake fitowa ya lalata ɓargo, har ya kai ga sankarar jini. Toluwin benzin ne da metil ɗaya, hanta ta kama metil ɗin ta mayar da shi asid, a fitar da shi ta fitsari. Shi ya sa ɗakunan gwaji suka bar benzin suka koma toluwin. Ba wai shi lafiyayye ba ne, yana cikin ire-iren gam da tina, kuma duk wanda ya ga yadda shaƙar sholisho take mayar da yaro ya san abin da yake yi wa ƙwaƙwalwa.

A aibufurofen, metil ɗin da yake kusa da asid ya sa wannan kabon yana riƙe da abubuwa huɗu daban-daban, don haka molikul ɗin ya zama iri biyu, kamar hannun dama da na hagu. Ɗaya ne mai kashe ciwon. An yi sa'a jiki yana juya wani kaso mai yawa na ɗayan ya koma mai aikin, shi ya sa ake sayar da su a cakuɗe. Ko a DNA ma, abin da ya raba tayimin, ɗaya daga haruffan rubutun gado, da yurasil na RNA metil ɗaya ne, kuma ɗora metil a kan saitosin yana cikin hanyoyin da ƙwayar halitta take rufe wani sashe na gado ta bar wani a buɗe.

Inda hasashe yake tsayawa

Kada ki fita da tunanin cewa duk inda aka ƙara metil abin mamaki zai faru. Masu ƙirƙirar magani suna da labarai masu daɗi, kamar na imatinib, maganin wata sankarar jini da aka amince da shi a 2001. Metil ɗaya da aka sa a gefen wani zobe ya tilasta wa molikul ɗin murɗewa, ya daina kama enzayim ɗin da ba a so, ya ci gaba da kama wanda ake nema. Amma da masu bincike a jami'ar Yale suka tattara misalai sama da 2,000 a 2012, sun ga ƙara metil ya ninka ƙarfin magani sau goma a kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai, ninki ɗari kuwa bai kai kashi 1 ba. Sauran, ko dai babu wani canji na a zo a gani, ko ma abin ya lalace. Bayan an ga sakamako kowa gwani ne wajen bayani. Kafin a gani, ko da na'ura mai ƙwaƙwalwa, sau da yawa sai an haɗa an gwada. Dokokin tafasa da narkewa da tare hanya abin dogaro ne. Na cikin jiki kuwa ki riƙe su da hannu biyu amma kada ki rantse a kansu.

Gane inda metil ya zauna a sinadarin da ba a sani ba, yau aikin na'urar NMR ne, tana ƙirga kabon nawa ne masu mazauni daban: para-zailin zai ba ki layi 3, oto 4, meta 5. Inda babu na'urar, tsofaffin gwaje-gwaje suna nan. Ki zuba aidin da soda mai ƙarfi a 2-pentanon, inda metil yake manne da kabon mai oksijin, za ki ga rawayan gari ya kwanta, da warin asibiti. A 3-pentanon ba za ki ga komai ba.

Batun haddar kuma, lambobin nan adireshi ne, suna gaya miki kujerar da metil yake kai. Kuskuren da na fi gani a takardun jarrabawa shi ne ɗalibi ya bi zanen yadda aka kwantar da shi maimakon ya nemi sarƙa mafi tsawo, sai ya rubuta 2-etilbutan, alhali 3-metilpentan ne aka lanƙwasa. Ki gwada wannan a daren yau: C6H14 yana da aisoma biyar. Ki zana su duka, ki ba kowanne suna, ki gina su da yumɓu in da hali, sannan ki jera su daga wanda kike ganin zai fi wuyar tafasa zuwa mai sauƙi, kafin ki duba amsa. Miƙaƙƙen 69 ne. Masu reshe ɗaya, 63 da 60. Masu reshe biyu, 58 da 50, kuma na 50 ɗin shi ne wanda metil biyu suka hau kabon ɗaya. Na 63 shi ne mai metil a kabon na 3, na 60 mai metil a na 2. In kin jera waɗannan biyun a juye kada ki damu, yawancin ajina ma a nan suke faɗuwa.